Abdu Maikaba: Bakanon Da Ya Yi Suna A Bauchi, Ya Nemi Abinci A Kudu

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauchi

Duk wanda ya taɓa zama Agege a Ikko ya san filin wasan ƙwallon ƙafa na garin, wanda ba shi da nisa da unguwannin da 'yan Arewa suka daɗe suna zaune suna kasuwancinsu. A wannan fili ne, ran 15 ga watan Oktoba na 2017, aka yi karon ƙarshe na gasar cin Kofin Ƙalubale na ƙasa, tsakanin ƙungiyar Akwa United ta Uyo da Niger Tornadoes ta Minna. Aka tashi wasa babu wadda ta jefa ƙwallo a ragar wata, sai aka koma bugun daga kai sai mai tsaron gida, Akwa United ta ci uku, Tornadoes ta ci biyu, kofi ya tafi Uyo.

Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar Kudu ce ta kayar da ta Arewa, amma mutumin da ya horar da 'yan wasan Kudun, ya tsara musu yadda za su yi, ɗan Arewa ne, mutumin Kano, watau Abdu Maikaba. Shi ma ɗin baƙo ne a Uyo, neman abinci ya kai shi, kamar dai yadda ya kai yawancin masu karanta wannan shafi Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal. Kafin ya je can kuwa, a nan Bauchi ya yi aikin da ya sa aka san shi sosai a ƙasar nan, saboda haka ya kamata a faro labarin daga nan.

AIKIN DA BA SHI DA TABBAS

Kafin a shiga labarin mutumin, yana da kyau a san irin aikin da yake yi. Koci shi ne malamin 'yan ƙwallo. Shi ke zaɓen 'yan wasa kafin a fara kaka, shi ke fita da su fili da sassafe don motsa jiki, shi ke faɗin wanda zai shiga da wanda zai zauna a benci, shi kuma ake tuhuma in an sha kashi. In an ci, 'yan kallo su ɗauki wanda ya jefa ƙwallo a kafaɗa. In an faɗi, sai a ce koci bai san aikinsa ba.

A babbar gasar ƙasar nan galibi ƙungiyoyi 20 ke karawa, kowace ta yi wasa 38 a kaka, rabi a gida, rabi a waje. Wadda ta ci wasa ta sami maki uku, in an yi kunnen doki kowa ya sami ɗaya. Kowa ya san cewa a Nijeriya cin wasa a gidan wani abu ne mai wuyar gaske. Ga doguwar tafiya a mota, wani lokaci kwana da yini a hanya, ga baƙon abinci, ga 'yan kallon da ba su son ganinka. Bugu da ƙari, yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, kuɗinsu daga baitulmali yake fitowa, in ya makara albashin 'yan wasa ya makara, kuma koci ne zai tsaya gabansu yana ba su haƙuri. Kwantiragin koci ba ya cika wuce shekara ɗaya ko biyu ba, sau da yawa ma ba a bari ya ƙare. Wanda duk ya shekara goma yana wannan aiki ana ta nemansa daga jiha zuwa jiha, lalle akwai abin da ya iya.

Maikaba ya daɗe a cikin harkar tun kafin ya zo Bauchi. Ya yi aiki da Kano Pillars ta garinsu, ya kuma taɓa aiki da Enyimba ta Aba, wadda ta ci kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, a 2003 da 2004. Watau ke nan tun da wuri ya ɗanɗana zaman Kudu, ya san yadda ake aiki a inda ba a jin harshenka.

GIWAYEN BAUCHI

Ƙungiyar Wikki Tourists ta gwamnatin Jihar Bauchi ce, an kafa ta a 1991. Ta samo sunanta daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ke cikin gandun dajin Yankari, ana kuma yi mata laƙabi da giwa, saboda giwayen wannan daji. Gidanta shi ne filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin garin Bauchi, filin da ya karɓi wasannin gasar duniya ta matasa har sau biyu, a 1999 da 2009.

Babban abin da mutanen Bauchi ke tinƙaho da shi shi ne Kofin Ƙalubale na 1998, wanda Wikki ta ɗauka bayan ta kayar da maƙwabciyarta Plateau United ta Jos a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Bayan wannan kuwa sai ƙungiyar ta yi ta hawa da sauka, yau tana cikin manya, gobe ta faɗa rukuni na biyu. A ƙarshen kakar 2014 ta sāke samun hayewa zuwa babbar gasa, a wannan hali ne aka danƙa ta hannun Maikaba.

Abin da aka saba gani shi ne, ƙungiyar da ta hau sabuwa ba ta da buri illa ta tsira, kada ta koma inda ta fito. Amma a kakar 2015, wadda Enyimba ta ci, sai ga Wikki ta ƙare a matsayi na huɗu cikin ƙungiyoyi 20. Masu cewa sa'a ce kawai ba su daɗe ba suka yi shiru, don kuwa a 2016 abin ya ƙaru. Akwai makonnin da Wikki ta hau saman teburi, manyan ƙungiyoyi masu kuɗi da tarihi suna bin bayanta. Ɗan wasanta na gaba, Godwin Obaje, ya jefa ƙwallo 18, ya fi kowa ci a gasar ta wannan shekara. A ƙarshe Rangers ta Inugu ce ta ɗauki kofi, karo na farko tun 1984, Rivers United ta Fatakwal ta zo ta biyu, Wikki ta Bauchi ta zo ta uku. Wannan matsayi ya ba ta damar wakiltar Nijeriya a gasar Kofin Confederation na Afirka a shekara mai zuwa.

Wikki ba ta cikin ƙungiyoyin da ke sayen 'yan wasan da suka riga suka yi suna. Abin da ya ɗaga ta a waɗannan shekaru biyu shi ne haɗa kan samarin da ba a san su sosai ba, a koya musu wasa tare, a tsare gida kada baƙo ya zo ya tafi da maki, sa'an nan a riƙa tsinto maki ɗaya-ɗaya a waje. Wannan kuwa aikin malami ne, ba a yin sa da kuɗi kaɗai.

DA AKA ZO GIRBI

Sai dai kash, da lokacin shiga gasar Afirka ya zo, wanda ya yi shukar ba ya nan. Bayan kakar 2016 Maikaba ya koma Akwa United, Obaje kuma ya koma ƙungiyar Ifeanyi Ubah ta Nnewi. A farkon 2017 aka haɗa Wikki da ƙungiyar sojojin Saliyo a zagayen share fage. Aka ci ta biyu da nema a can, ta rama ɗaya a gida, shi ke nan aka fitar da ita tun ba a je ko'ina ba. Ƙungiyar da ta girgiza ƙasa a bara ta koma neman tsira.

A Uyo kuwa Maikaba ya tarar da wata duniya dabam. Filin wasa na Godswill Akpabio, wanda aka buɗe a 2014, yana ɗaukar mutum dubu 30, yana kuma cikin mafi kyau a ƙasar nan. Ƙungiyar ta riga ta ci Kofin Ƙalubale sau ɗaya a 2015, saboda haka masu ita ba su ɗauko koci don ya zo ya koyi aiki ba. A shekararsa ta farko ya kawo musu kofi na biyu, shi ne wanda aka ci a Agege.

A 2018 ya shiga gasar Afirkan da bai samu ya shiga da Wikki ba. Akwa United ta fitar da Hawks ta Gambiya, ta fitar da Al-Ittihad ta Libiya, saura ƙiris ta shiga zagayen rukuni-rukuni sai ta gamu da Al-Hilal ta Sudan. Aka ci ta biyu da nema a Sudan, ta ci uku da ɗaya a Uyo. Jimla uku da uku ke nan, amma bisa dokar wancan lokaci ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa ya fi nauyi, wannan ƙwallo ɗaya na Al-Hilal shi ya fitar da ita.

Har wa yau a wannan tsakani hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta sa shi cikin masu horar da ƙungiyar matasa 'yan ƙasa da shekara 20, watau Flying Eagles, yana mataimakin Paul Aigbogun. Wannan ƙungiya ce ta je gasar Afirka da aka yi a Jamhuriyar Nijar a farkon 2019, ta zo ta huɗu, ta sami zuwa gasar duniya a ƙasar Folan, inda Senegal ta fitar da ita a zagaye na biyu.

JOS DA SHEKARAR ANNOBA

Daga Uyo sai ya hauro Jos, ya karɓi Plateau United. Ita ma ba ƙaramar ƙungiya ba ce, don ita ta ci gasar ƙasa a 2017 a hannun Kennedy Boboye, sai dai ta yi sanyi bayan haka. A kakar 2019 zuwa 2020 Maikaba ya mai da ita saman teburi. An yi wasa 25, saura 13, tana gaban kowa, sai annobar korona ta shigo, aka dakatar da wasanni a watan Maris na 2020, ba a kuma koma ba. Da aka zauna aka yi lissafin maki bisa yawan wasannin da kowace ƙungiya ta yi, Plateau United ce ta ɗaya, aka ba ta damar zuwa gasar zakarun Afirka, amma ba a ba kowa kofi ba.

Wannan shi ne kusa mafi kusa da Maikaba ya kai ga kofin gasar ƙasa, abin da kowane koci ke mafarki. Ba wata ƙungiya ce ta hana shi ba, ba kuma alƙalin wasa ba, ƙaddara ce wadda ta riga fata. A ƙarshen wannan shekara, bayan 'yan wasa sun yi watanni ba su buga gasa ba, Simba ta Tanzaniya ta zo Jos ta ci ɗaya da nema, aka yi canjaras babu ci a Darussalam, tafiyar Afirka ta ƙare nan.

BAKANO A KUJERAR RANGERS

A 2021 Rangers ta Inugu ta ɗauke shi. Wanda ya zauna ƙasar Ibo ya san matsayin wannan ƙungiya a zukatan mutanen wurin. An kafa ta a 1970, daidai lokacin da aka gama yaƙin basasa, ta zama abin da jama'a suka riƙe suna ɗaga kai da shi. Ita ce ta su Christian Chukwu da Emmanuel Okala, ita ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1977. A ce an danƙa irin wannan ƙungiya hannun Bahaushe, ba ƙaramin abu ba ne. Abin sha'awa kuma, wanda Maikaba ya gada a kujerar shi ma ɗan Arewa ne, watau Salisu Yusuf. 'Yan Arewa biyu ke nan a jere.

Wannan yana nuna wani abu game da ƙwallon ƙafa a ƙasar nan. Mutane na iya yin gardama a kan ƙabila da addini a kasuwa da majalisa, amma ran Lahadi da yamma mai kallo ba ya tambayar garin su koci, abin da yake tambaya shi ne nawa aka ci. Wannan adalci ne, amma adalci ne mai zafi, don kuwa yadda ba a ƙin ka saboda asalinka, haka ba a raga maka in ƙwallo ta ƙi shiga.

Zaman Inugu bai zo da sauƙi ba. An yi ta gyaran filin Nnamdi Azikiwe, har ƙungiyar ta riƙa buga wasanninta na gida a Awka, ga shi kuwa ƙarfin ƙungiyar Nijeriya a gidanta yake. A kakar 2023 Rangers ba ta taɓuka abin kirki a gasar ƙasa ba, amma ta kai karon ƙarshe na Kofin Ƙalubale. Aka yi wasan a Asaba cikin watan Yuni, Bendel Insurance ta Binin ta ci ɗaya da nema. Maikaba ya bar Inugu bayan wannan. Shekara ɗaya tak da tafiyarsa, a 2024, Rangers ta ɗauki kofin gasar ƙasa a hannun Fidelis Ilechukwu.

KOME NISAN JIFA

Daga Inugu ya komo gida Kano a 2023. Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta sāke hawowa, ana neman wanda zai zaunar da ita. Ya yi kaka ɗaya da ita, ta tsaya da ƙafarta cikin manya.

A wannan lokaci kuwa Wikki tana ƙasa, don ita ma ta faɗi a 2023. Da mutanen Bauchi suka tashi neman wanda zai fid da su, sai suka koma ga mutumin da ya bar su shekaru takwas da suka wuce. A watan Yuli na 2025 aka tara ƙungiyoyi takwas na rukuni na biyu a Asaba, garin da ya rasa kofi shekara biyu kafin nan, don a fitar da huɗu da za su hau. Wikki tana cikin huɗun, tare da Warri Wolves da Barau ta Kano da Kun Khalifat ta Owerri. Giwa ta koma cikin manya a hannun wanda ya taɓa kai ta matsayi na uku.

ABIN DUBAWA

In aka bi wannan tafiya daga Kano zuwa Aba, Bauchi, Uyo, Jos, Inugu, a komo Kano da Bauchi, za a ga abu ɗaya yana ta maimaituwa: ba a cika barin koci ya zauna wuri ɗaya har ya ci amfanin abin da ya shuka ba. Ba Maikaba kaɗai abin ya shafa ba, shi ma ya gaji gonar da wasu suka share, kamar yadda wasu suka gaji tasa. Haka tsarin yake, kowa na shuka wa wani. A Ingila Alex Ferguson ya riƙe Manchester United daga 1986 zuwa 2013, kuma sai da ya shekara fiye da uku kafin ya ci kofinsa na farko, aka yi haƙuri da shi. A nan kuwa da wuya a ba mutum rabin wannan lokaci.

Wannan magana ta fi shafar ƙungiyoyin Arewa. Ba a rasa masu iyawa ba, tun zamanin da Mighty Jets ta Jos ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972 da Raccah Rovers ta Kano a 1978. Abin da ake rasawa shi ne riƙo. Da Bauchi ta riƙe kocinta da 'yan wasanta bayan 2016, Allah kaɗai ya san inda za ta kai, amma dai kowa ya ga inda ta kai da ba ta riƙe su ba. Ya kamata masu kula da wasanni a jihohi su gane cewa ƙungiya kamar makaranta take, in ana sauya malami kowace shekara ba za a yaye ɗalibin kirki ba. A ba koci kwantiragi mai tsawo, a biya 'yan wasa a kan kari, a kuma koma ga wasannin makarantu da na unguwanni inda ake tsinto yara tun suna ƙanana.

Ga 'yan'uwa mazauna Kudu kuwa, labarin ba baƙo ba ne. Mai sayar da shanu a Lokpanta, da mai goro a Sabo ta Badun, da mai kayan gwari a Mile 12, kowa ya san cewa a garin mutane ba dangi ke riƙe ka ba, aikinka da amanarka su ke riƙe ka. Maikaba ya yi aiki a Aba da Uyo da Inugu, ya ɗauki kofi a wani wuri, ya rasa a wani, amma duk inda ya bari akwai wata ƙofa da ta buɗe masa, har garin da ya bari tun 2016 ya sāke kiransa. Wanda ya bar wuri da mutuncinsa yana da hanyar komawa.

Saboda haka in Wikki ko Pillars ko wata ƙungiyar gida ta zo wasa garin da kuke, ku daure ku je fili ku ba ta ƙarfin gwiwa, cikin lumana da girmama masu masauki. Waɗannan samari da malaminsu sun kwana a hanya kafin su iso, kuma su ma abin da ya fito da ku shi ya fito da su. Allah ya ba kowa sa'ar abin da ya fita nema, ya mai da kowa gida lafiya, amin.